Odar kan tirela daga Turai zuwa Zariya: abin da dillalai suka iya da abin da suke bari a wuyanka

Duk wanda ya tsaya a Kwangila da yamma ya zuba wa manyan motoci ido zai ga kusan abu guda: DAF, MAN, Actros ta Mercedes, sai Howo ta Sin a tsakaninsu. In ka cire Howo, mafi yawansu sun gama aikinsu na farko a Turai kafin su zo su fara ɗaukar masara daga Giwa da Saminaka, ko rake daga Makarfi. Hanya biyu ake mallakarsu. Ko ka je Legas ka sayi wadda ke tsaye a fili, ko ka ba dillali kuɗi ya yi maka oda daga Jamus, Holan ko Beljiyam, ya sa ta a jirgi, ya fitar da ita daga hannun kwastam, ya kawo maka har ƙofar gareji. Hanya ta biyun ce muke dubawa a nan.

Hukuncinmu a taƙaice: dillalan nan sun ƙware a sufuri da takardun jirgi, suna da dama-dama a wajen kwastam, amma a wajen zaɓen motar da ta dace da lodinmu da hanyoyinmu, yawancinsu ba sa tsinana komai sai abin da mai saye ya tilasta musu. Kuma a nan ne kuɗin yake salwanta.

Mu fara da abin da aka ƙera motar ta yi. Kan tirelar da ta cika kasuwar Turai mai aksil biyu ce, wadda ake rubuta wa 4x2, kuma dokarsu ta saba tsayar da nauyin mota da bodi da kaya gaba ɗaya a tan 40, aksil mai jan mota kuma kada ya wuce tan 11.5. A nan buhun siminti 600 kaɗai tan 30 ne, buhun masara 300 ma haka, kuma kowa ya san akwai masu ɗora 900 na siminti, wato tan 45 na kaya zalla, ban da nauyin motar. Ka ɗora wannan a kan aksil ɗaya na baya da ke zaune a kan balan-balan ɗin iska, ka bi da ita hanyar Mokwa da damina, ba sai an faɗa maka abin da zai biyo baya ba: balan-balan ya fashe, tayoyin baya su cinye cikin watanni, hawa ya gagare ta in ƙasa ta jiƙe. Dillali zai fi turo maka hoton 4x2 saboda ita ta fi yawa, ta fi araha, ta fi kyan gani a waya. Idan aikinka hatsi ne, siminti, taki ko dutse, 6x4 kake nema, mai aksil biyu masu ja a baya, a kan sifirin na ƙarfe.

Abin daɗin shi ne ba ka buƙatar yarda da bakin kowa, domin sunan motar da kansa yana faɗin gaskiya in ka iya karanta shi. A MAN, TGA 18.430 na nufin jimlar nauyi tan 18 da ƙarfin doki 430, 33.430 kuwa tan 33 ce. Haruffan da ke biye su ne sirrin: BLS sifirin a gaba, iska a baya, BBS sifirin gaba da baya, LLS iska ko'ina. A DAF, FT ita ce 4x2, FTT ita ce 6x4, FTG kuma 6x2 ce, tana da aksil uku amma ɗaya kaɗai ke ja, kuma da ita ake yawan ruɗar mutane, a ce musu "mai taya goma ce" a waya alhali in ta shiga taɓo ba ta da bambanci da 4x2. A Mercedes, 1844 tan 18 ce da doki kusan 440, 3340 kuma tan 33 da doki 400. Ka sa a rubuta cikakken sunan a takardar yarjejeniya tare da lambar shasi mai haruffa da lambobi 17. Ta MAN tana farawa da WMA, ta Mercedes da WDB, ta DAF ƙirar Holan da XLR. Dillalin da ya ce zai turo lambar shasi "in an gama ciniki" bai ga motar ba tukuna, ko kuma yana da niyyar musanya ta.

Akwai wata irin kai da ya kamata a guje mata gaba ɗaya, wadda Turawa ke ƙerawa a ƙasa-ƙasa don jan dogon bodi mai cin kaya mara nauyi. Faifan da ke kama bodi a kanta yana wajen milimita 950 daga ƙasa, maimakon wajen 1,150 ko sama da haka da bodinmu ke buƙata, tayoyinta kuma ƙanana ne, irin 295/60 ko 315/60. In ka haɗa ta da bodin da aka ƙera a nan, gaban bodin zai duƙa, bayan shasi ya riƙa gogar ƙasan bodin a duk gangara, tankin mai kuma ya riƙa dukan tudun rage gudu. Tayar da ake samu cikin sauƙi a Zariya da Kaduna ita ce 315/80 R22.5. Ka kuma tambayi girman bakin faifan, domin ƙusar bodi iri biyu ce, mai inci 2 da mai inci 3.5, kuma ba sa shiga wa juna.

Sitiyari ba abin tattaunawa ba ne. Tun 1972 Najeriya ta koma bin hannun dama, kuma ba a yarda da shigo da mota mai sitiyari a dama ba. Motocin Ingila suna da araha saboda wannan dalilin. Wasu kan saya su juya sitiyarin a gareji, amma juyin yana taɓa akwatin sitiyari, layukan iskar birki da wayoyin dashbod gaba ɗaya, kuma ba kasafai ake samun wadda ta dawo daidai ba.

Sai inji, inda ya kamata a zauna a yi dogon tunani. Turai ta riƙa tsaurara dokar hayaƙi mataki-mataki: Euro 3 a wajen 2000, Euro 4 a 2005, Euro 5 a 2008, Euro 6 daga ƙarshen 2013. Kowane mataki ya ƙara wa injin na'urori, kuma kowace na'ura tana son gas mai tsabta, irin nasu da sulfa a cikinsa bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. DAF XF 95 mai injin lita 12.6 Euro 3 ce, shi ya sa kanikawanmu suke ƙaunarta: ba ruwanta da AdBlue, wani ruwan yuriya da ake fesa wa hayaƙi, ta jure gas ɗin bakin hanya, kayan gyaranta suna Panteka a Kaduna da Ƙofar Ruwa a Kano. Matsalarta tsufa, an daina ƙera ta tun wajen 2006, don haka wadda ta rage a Turai ta sha tafiya, kuma dokar kwastam kan shekarun mota na iya tare ta, abin da dole ejan da ke fitar da mota daga kwastam ya tabbatar maka da shi ta lambar shasi kafin ka biya ko kwabo. XF 105 da ta gaje ta tana da injin MX mai lita 12.9, doki 410, 460 ko 510, tana kuma shan AdBlue, wajen lita 4 zuwa 6 a kan kowace lita 100 ta gas. In ruwan ya ƙare, ko famfonsa ya toshe, ko na'urar auna hayaƙi ta mutu, kwamfutar motar tana rage mata ƙarfi da kanta. Direba zai kira ka daga Tafa ya ce mota ta ƙi ja, alhali injin lafiyarsa ƙalau. Wasu direbobin kan zuba ruwan rijiya a tankin don su kashe fitilar gargaɗi, su lalata famfon gaba ɗaya.

Actros MP2 da MP3 suna da injin V6 na OM501, wanda kowace silinda ke da famfonta, kuma wannan tsarin ya fi haƙuri da gurɓataccen gas a kan injinan da ke tara mai a bututu ɗaya mai matsanancin matsi, irin D20 na MAN da ya fara fitowa a TGA daga 2004. D20 inji ne mai tattalin mai, amma ɗigon ruwa a cikin gas yana cinye nozul ɗinsa, kuma nozul shida ba ƙaramin kuɗi ba ne. Euro 6 kuwa, kowane kamfani ne, tana da matatar toka a bututun hayaƙi, yawancinsu kuma da bawul mai mayar da hayaƙi cikin inji. Tana buƙatar baƙin mai na musamman da bakanike mai kwamfutar kamfanin. Kyakkyawa ce, ɗakin direbanta kamar otal, amma in ba kamfani kake da shi mai tankin gas nasa da garejinsa ba, muna ganin ba taka ba ce. Haka giya: ZF mai giya 16 ta hannu kowane babban bakanike a Muciya zai buɗe ta ya rufe. AS Tronic mai canza kanta tana da daɗin tuƙi, sai dai in ana tilasta mata tashi da lodin da ya wuce kima tana ƙona kuloci da wuri, kuma in kan giyar ya lalace sai an nemo mai kwamfuta.

Yanzu ga inda sabis ɗin ya fi rauni: dubawa. Yawancin dillalai ba sa zuwa wurin motar. A shafukan talla irin mobile.de, TruckScout24 ko Autoline suke ganinta kamar yadda kai ma za ka iya gani, su kira mai ita, su tura kuɗi. Abin da suke kira "an duba ta" shi ne wani ya zagaya ta da waya bayan an wanke inji an ɗumama shi. Abin da ya kamata ka nema, ko da za ka biya kuɗinsa daban, shi ne bidiyo guda mara yankewa da ya fara da nuna lambar shasi a jikin ƙarfe, sannan hannu a kan inji don nuna cewa a sanyaye yake, sannan a tayar. Hayaƙi shuɗi da ya ƙi ɗaukewa alamar shan baƙin mai ne. Fari mai yawa bayan inji ya ɗumama alamar ruwa na shiga silinda. A buɗe murfin zuba baƙin mai inji na aiki: in yana hura hayaƙi da ƙarfi kamar tukunyar tuwo, ringi sun tafi, aikin buɗe inji na jiran ka. A leƙa tankin ruwan lagireto ko akwai mai a samansa. A bar iska ta cika, a kashe mota, a nuna agogon iska na mintuna. In allura na sauka a ido, akwai yoyo. A shiga ƙarƙashi da fitila, domin Turawa suna zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara, kuma gishirin yana cin shasi, tankunan iska da bututun birki ta ciki. Sabon baƙin fenti a kan shasin tsohuwar mota abin tuhuma ne.

Kilomitar da ke dashbod ba hujja ba ce, ana juya ta. Kwamfutar inji tana ajiye nata lissafin na kilomita da awowin aiki, a sa a karanto shi a turo hoton. Takardun gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, TÜV a Jamus ko APK a Holan, suna ɗauke da kilomita ta ranar gwaji, sai a gwama. Kilomita dubu 900 ta babban titin Turai a kan motar da ke da tarihin sabis ta fi dubu 500 ta tifar da ta yi rayuwarta a wurin fasa dutse.

A jirgi kuwa, a ba su haƙƙinsu, sun iya. Manyan motoci suna tahowa ne a jirgin da ake tuƙa mota a shiga da ita, daga Antwerp, Hamburg ko Bremerhaven, yawanci zuwa Tin Can a Legas, inda tashar PTML take karɓar jiragen Grimaldi. Tafiyar ruwan makonni biyu zuwa uku ce, ban da jiran jirgi. Girman mota ake auna kuɗin da shi, tsawo da faɗi da tsayi, don haka kai mai dogon ɗaki ta fi cin kuɗi, kuma dillalai masu wayo kan goya kai ɗaya a kan wata, ko su ɗora kai a kan bodi, su rage farashi. Sharaɗin jirgin shi ne mota ta tashi ta yi tafiya da kanta; in batir ya mutu a tasha ana cajin kuɗin ja. Abu biyu za ka tsare a nan. Na farko, sunanka ko na kamfaninka ne zai hau takardar jirgi a matsayin mai karɓa, ba na dillali ba, domin a idon kamfanin jirgi da kwastam mai wannan sunan shi ne mai mota. Na biyu, ka hana a cusa wa motarka kayan wasu. Al'ada ce a cika ɗakin direba da firji, tayoyi da injina na mutane daban don a ci ribar wurin. Abu ɗaya haramtacce a ciki ya isa a riƙe motar makonni, kuɗin ajiya na hawa a kanka. A kuma ɗauki hoton batura, rediyo, jak da fitilu kafin a miƙa ta, don ƙananan kaya suna yin ƙafa tsakanin tasha da tasha.

Wanda ya ce zai sauke maka a Kwatano ya shigo da ita ta iyakar ƙasa don a rage kuɗi, ka tuna cewa gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Motar da ta bi ta daji za ta yi ta aiki da fargaba, kuma rundunar kwastam ta musamman ta shiyyar B hedikwatarta na nan Kaduna.

Kwastam shi ne wurin da farashin "komai da komai" yake wargajewa. Dokar kuɗi ta 2020 ta rage harajin motocin ɗaukar kaya daga kashi 35 zuwa 10 cikin ɗari, amma ba shi kaɗai ake biya ba: akwai harajin VAT na kashi 7.5, akwai rabin kashi ɗaya na ECOWAS, da sauran caji da sanarwar kwastam ke sauyawa lokaci-lokaci, sai kuɗin kamfanin jirgi da na tasha. Tun 2022 kwastam ke ƙiyasta darajar mota ta lambar shasi, ba ta rasit ɗin da ka kawo ba. Sannan canjin dalar da ake lissafi da shi yana bin kasuwa tun da aka saki naira a Yunin 2023, ya tashi daga wajen 420 ya haura 1,500 a cikin 2024. Ma'ana, kuɗin da aka faɗa maka ranar da ka ba da kafin alƙalami ba lallai ya zama na ranar da jirgi ya iso ba. Dillali na gari zai raba maka lissafi gida huɗu: kuɗin mota da Yuro, kuɗin jirgi, kuɗin kwastam da tasha bisa abin da takarda ta nuna, sai la'adarsa a fili. Wanda ya dunƙule su wuri guda ya ba ka farashi mai daɗi, to a diyuti zai fanshe, ya rubuta shekarar da ba ita ba ko ya kira 6x4 da sunan ƙaramar mota. Shi ya ci riba, kai kuma za a tare ka a hanya bayan wata shida a ce ka cika ragowar ko a kama mota. Ka karɓi takardar bayanin kaya mai ɗauke da lambar C, wato lambar rajistar da kwastam ke ba ta, takardar ƙiyasi, rasit ɗin banki da takardar fita daga tasha, ka tabbatar lambar shasi iri ɗaya ce a kan kowacce, harafi da harafi, ka kuma kai lambar C ofishin kwastam a tantance kafin ka biya cikon la'ada. Kuɗin kwastam ya kasance a hannu tun jirgi na kan ruwa, domin kwanakin kyauta a tasha kaɗan ne, kuma cajin ajiya yana ƙaruwa ne mataki-mataki.

Kawowa daga Legas ana yawan raina ta. Tafiya ce ta wajen kilomita dubu ta Ibadan, Ilorin, Jebba da Mokwa, ko ta Lokoja da Abuja, a kan motar da ta yi wata biyu ko fi a tsaye. Ka tura direbanka da bakanike, kada ka bari a ba kowane direban bakin tasha, kuma ka ce a rubuce ba a yarda a ja lodin kowa da ita a hanya ba. Kafin ta bar Legas a sauya matatun gas, a tsiyaye ruwan tankunan iska, a duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefen taya, waɗanda ke nuna mako da shekarar ƙira. Taya mai zane amma mai shekara bakwai, wadda ta saba da sanyi, kwalta mai zafi na iya fasa ta kafin Ogbomoso.

Daga nan sabis ɗin dillali ya ƙare, kuma ba wanda zai gaya maka cewa akwai wani kashe kuɗin a gaba. Ka ware masa kasafi tun farko. A juye baƙin mai duka, na inji da giya da aksil. Injin irin wannan yana cin lita talatin da wani abu. Tazarar sabis mai tsawo da ke littafin Turai ba ta nan ba ce, ƙurar hunturu da gas ɗinmu suna sa masu lura su sauya tsakanin kilomita dubu 10 zuwa 15. A ƙara matatar raba ruwa da gas kafin ta kamfani. A cire lagireto da na sanyaya iskar tobo a wanke su ciki da waje, domin motar da ba ta taɓa zafi a Jamus ba za ta gane kurenta a watan Afrilu a Zariya da tan 30 a baya. Kuma kada a yarda bakanike ya cire tamostat ya jefar da sunan magani, ko ya ɗaure fanka ta riƙa juyawa kullum ba tare da an gano abin da ya sa ta ƙi kamawa ba. A sauya matatar busar da iskar birki. A cire filastik ɗin ƙasan bamba da na gefe tun kafin ramuka su cire su. In za a ƙara aksil ko a ƙarfafa shasi, da ƙusa ake ɗaurewa a gefen ƙarfen, ba a yin walda ko huji a leɓensa na sama da na ƙasa. Yawancin shasin da ke karyewa a bayan ɗakin direba daga nan tsagewar take farawa. Sai rajista da lamba, takardar lafiyar mota, inshorar wajibi da ta koma naira dubu 100 ga manyan motocin haya tun Janairun 2023, da na'urar taƙaita gudu da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke nema.

Ga wanda motarsa ta farko ke nan kuma ba shi da amintaccen da zai taka ya ga motar a Turai, sayen wadda ke tsaye a Legas ya fi masa, ko da ta fi tsada, domin zai kai bakanikensa ya kwana a ƙarƙashinta, ya kuma tantance takardunta kafin kuɗi su bar hannunsa. Oda tana biyan wanda ya san ainihin ƙirar da yake so, musamman 6x4 mai sifirin da giyar hannu, wadda in ta sauka a fili ba ta kwana. Wanda kuma aikinsa yashi da dutse ne a kusa, ya auna da Howo, wadda ake harhaɗawa a Legas: daga masana'anta take zuwa da 6x4 da sifirin, kayan gyaranta sun fi araha, sai dai a dogon zango zuwa Legas ko Fatakwal yawancin direbobi za su ce maka DAF ko Actros mai lafiya ta fi ta sauƙin mai da daɗin zama.